Asekrem da Waɗanda Ba a Cin Abinci da Su

Can tsakiyar hamada, a kudancin ƙasar Aljeriya, akwai waɗansu duwatsu baƙaƙe da ake kira Ahaggar. A cikinsu akwai wani tudu mai faɗin kai wanda mutanen wurin suke kira Asekrem. Tsayinsa ya wuce mita 2,700, tsakaninsa da garin Tamanrasat kuwa kamar kilomita 80 ne. Tamanrasat ba baƙon suna ba ne ga 'yan'uwanmu na Damagaram da Agadas, gama neman abinci ya daɗe yana kai su can. A kan tudun nan babu itace, babu rijiya, da hunturu kuma ruwa yakan daskare cikin tulu. Amma akwai wani ɗan ɗaki na duwatsu a bisansa, inda wani fada Bafaranshe ya zauna a shekarar 1911. Sunansa Charles de Foucauld, ana faɗarsa Sharl Fuko. Har yau matafiya sukan hau da asuba su ga ɗakin, su kalli fitowar rana.

Littattafan da aka rubuta a kan mutumin nan suna da yawa, yawancinsu kuwa labarin mutum biyu suke bayarwa, wato Baturen da ya bar dukiya ya zo jeji, da sarkin Abzinawan da ya karɓe shi. Ni kuwa so nake in sauko daga kan tudun, in duba waɗanda suke gindinsa, masu jan ruwa da masu noman alkama da masu hura zugazugi. Kowace rana ana bukatarsu, amma ba a aurensu, ba a kuma sa hannu a akushi ɗaya da su. Da wuya a sami ƙasar da ba ta da irin waɗannan mutane. A Turai sunansu Romani. Za mu kuwa kai gare su, domin akwai hanyar da ta tashi daga Asekrem ta bi har zangonsu.

Abzinawan Ahaggar ba ɗaya suke ba. A sama akwai masu raƙuma da takobi, daga cikinsu ake naɗa amanokal, mai riƙe da tambari. Ƙarƙashinsu akwai talakawa makiyaya da ake kira kel ulli, wato masu awaki, suna biyan gaisuwa kowace shekara. Dag Rali, waɗanda makiyayarsu ta kewaye Asekrem, daga cikin waɗannan suke. Akwai kuma malamai. Sa'an nan sai a zo kan iri uku da maganarmu take kansu.

Na fari su ne iklan, wato bayi. Baƙaƙen fata ne da aka kamo ko aka sayo daga kudu, har da ƙasar Hausa. Su ke kiwo, su ke jan ruwa a rijiya, matansu ke daka da dafuwa. Da ƙarfinsu ake tafiyar da ayarin da yake ɗaukar gishirin Amadror zuwa Damargu a musanya shi da gero. Ɗan baiwa na mai baiwa ne, kamar yadda ɗan akuya yake na mai akuya. Irinsu ne kakanninmu suka fara kira Buzu, kafin sunan ya bazu ya rufe kowane mai rawani da takobi. Saboda haka wanda ya kira Ba'abzine ɗan sarauta Buzu ya zage shi ne bai sani ba.

Na biyu su ne haratin, manoma. A suna su ba bayi ba ne. Cikin ƙarni na 19 aka fara kawo su daga garuruwan dabino na Tidikelt, wajen In Salah, domin su yi lambu a kwaruruka. Su ke haƙa magudanar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, aikin da yake da haɗari ƙwarai, su shuka alkama da gero. In an yi girbi sai a kasa biyar, huɗu na mai ƙasa, ɗaya na manomi. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san kashi ɗaya cikin biyar ba ya kai gida ga wata damina.

Na uku su ne inadan, maƙera. Su kam ba a sayar da su, ba a kuwa taɓa su, domin ana tsoronsu. Su ke ƙera takobi da mashi da sirdin raƙumi da azurfar da mata suke ratayawa, matansu kuma suna aikin fata. In za a nemi aure maƙeri ake aika, gama shi yana iya faɗin abin da kunya ba ta barin ɗan sarauta ya faɗa. Duk da haka ana cewa akwai wani mugun abu a cikinsa, wanda yake cutar da yara da dabbobi in an hana shi abin da ya roƙa. Suna da yarensu na asiri, tenet, wanda suke yi a tsakaninsu. Maƙeri sai 'yar maƙeri. Shi da yake shirya auren kowa, ba mai ba shi 'yarsa.

Cikin irin wannan duniya Fuko ya shigo. An haife shi a Strasbur ta Faransa a shekarar 1858, a gidan masu hali, ya zama maraya yana dab da cika shekara shida. Ya yi soja, ya yi holewa har ya cinye gādo mai yawa. A 1883 zuwa 1884 ya zaga ƙasar Maroko a ɓoye, ya yi shigar malamin Yahudawa, domin a lokacin ba a barin Kirista Bature ya ratsa ƙasar. Ina gani a nan ne ya fara koyon karatun da makaranta ba ta koya masa ba. Wajen wata goma sha ɗaya ɗan manyan mutane yana kwana a unguwar da aka ware, yana shan rainin da ake yi wa Yahudawa. Jiki magayi. Ya tuba a 1886, ya yi shekaru cikin masu zaman zuhudu, ya yi aikin bara a gidan sistoci a Nazarat, aka naɗa shi fada a 1901, a ƙarshen shekarar kuma ya sauka a Beni Abbas, wani garin dabino kusa da iyakar Maroko.

Abin da ya tarar a can ya hana shi barci. Faransa ta soke bauta tun 1848, ga tutarta tana kaɗawa a barikin garin, ga kuma bayi ana dukansu, wanda ya gudu a mai da shi wurin ubangijinsa. Hafsoshi sun rufe ido domin kada su ɓata da manyan gari. Wannan ba zai ba mu mamaki ba, gama a daidai lokacin nan Gwamna Lugga ya yi shela a ƙasarmu cewa duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma wanda yake bawa ya ci gaba da zamansa, sai a 1936 aka soke abin ɗungum. Fuko ya buɗe ƙofarsa ga bayi, suna zuwa kullum su ci su kwana. A watan Janairu 1902 ya fanshi na farko da ɗan kuɗin da danginsa suke aiko masa. Ya fanshi waɗansu bayansa, cikinsu da wani yaro ƙarami, da wani saurayi da ya sa wa suna Bulus, wanda aka sani da Paul Embarek. Ya yi ta rubuta wasiƙu masu zafi zuwa ga shugabansa, Monsinyo Guérin, yana roƙo a kai ƙara har majalisar Faransa, yana cewa mai gadin da ya ga ɓarawo ya yi shiru shi ma yana da laifi.

Amsar da ya samu ita ce ya yi haƙuri. Shugaban yana tsoron kada gwamnati, wadda a shekarun nan take faɗa da ikkilisiya a gida, ta kore su daga hamada gaba ɗaya. Fuko ya yi biyayya, ko da yake ya faɗa masa a fili cewa bai gamsu ba. A 1904 hafsoshin suka yarda a hana sayar da bayi, a kuma 'yanta wanda ake azabtarwa, sauran kuwa su zauna yadda suke. Fansar da ya yi da aljihunsa ma ba ta kai ko'ina ba. Mutum nawa fada ɗaya zai iya saya? Wanda aka fansa kuma ina za shi, ba gona, ba dangi, ba mai ba shi mata? Bulus bai sami inda ya fi ba, sai ya zauna yana yi wa mai fansarsa hidima.

A watan Agusta 1905 Fuko ya isa Tamanrasat. Shekara uku kafin nan Faransawa sun karya ƙarfin Abzinawa a yaƙin Tit, Musa ag Amastan kuma ya yi sulhu da su ya zama amanokal. Da izininsa fadan ya zauna. Garin da yau mutanensa suka wuce 100,000, a lokacin bukkoki ne kamar ashirin na haratin a bakin kwari. Wato maƙwabtansa na kullum su ne matalautan nan masu kashi ɗaya cikin biyar. Yana ba su magani da allurar ɗinki, yana koya wa mata saƙa. Babban aikinsa kuwa shi ne harshe. Ya kwashe shekara goma sha ɗaya yana tara kalmomin Tamahak, har ya bar ƙamus mai shafi sama da 2,000, ya kuma rubuta waƙoƙinsu ɗaruruwa daga bakin masu su. Mu da muke karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa mun san darajar baƙon da ya zauna ya koyi harshenka har ya iya ba'a da shi.

Abin da ya fi taɓa ni cikin labarinsa ya faru ne a farkon 1908. An yi fari mai tsanani, ya rabar da hatsinsa, ya kwanta ciwo har ya fid da rai. Sai makiyayan nan, da yunwa take cinsu su ma, suka bi duk akuyar da take da sauran nono a kewayen, suka tatso suka kawo masa har ya tashi. Kafin ranar nan shi ne mai bayarwa, su masu karɓa. Wanda kullum yake miƙa maka hannu daga sama, ko ka gode masa ba ka sakewa da shi. Sai da suka gan shi kwance yana shan nonon akuyarsu sa'an nan ya zama nasu.

Ya hau Asekrem a watan Yuli 1911 tare da Ba Hammu, malamin da yake taimakonsa da aikin ƙamus, yana sa ran zai fi kusa da makiyayan Dag Rali a can. Sanyi da ƙarancin abinci suka sauko da shi a watan Disamba. Ɗakin da duniya ta san shi da shi, wata biyar ya yi a ciki.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Fuko ɗan zamaninsa ne. Ya gaskata mulkin Faransa alheri ne ga mutanen hamada in an yi shi da gaskiya. Babban amininsa shi ne Laperrine, kwamandan sojojin raƙuma, yana kuma aika wa hafsoshi labarin abin da yake gudana. A Tamanrasat bai ɗaga murya a kan bauta kamar yadda ya yi a Beni Abbas ba, gama zamansa yana rataye da yardar masu bayin. Sa'ad da yaƙi ya matso ya gina wata ganuwa ta ƙasa domin talakawan gari su fake, aka kuma ajiye 'yan bindigogi a ciki. Ranar 1 ga Disamba 1916 da almuru waɗansu mahara masu alaƙa da Sanusiyya suka zo. Wanda ya kira shi ya buɗe ƙofa, da sunan an kawo wasiƙu, ɗaya ne daga cikin haratin ɗin da ya sani, El Madani. Aka ɗaure shi, aka sa wani yaro ɗan shekara goma sha biyar ya tsare shi, yaron ya firgita da ganin sojoji biyu suna tahowa, ya harbe shi. A cikin watan nan ne Kawsan ya kewaye Agadas. Bulus, bawan da ya fansa, shi ya ga abin da idonsa, shi da mutanen gari suka binne shi, shi ya taka da ƙafa ya kai labari bariki. Da ba don shi ba, da ba mu san yadda Fuko ya mutu ba.

Ya mutu ba shi da almajiri ko ɗaya. Sai bayan da René Bazin ya buga tarihinsa a 1921 mutane suka fara bin sawunsa. A 1933 aka kafa ƙungiyar Ƙananan 'Yan'uwan Yesu, waɗanda tun 1955 waɗansunsu suke zaune a Asekrem. A 1939 wata Bafaranshiya, Magdeleine Hutin, ta kafa ta mata, ta soma zama cikin makiyaya matalauta a gefen Tugurt ta Aljeriya. Dokarsu mai sauƙin faɗa ce, mai wuyar yi: kada a gina asibiti ko makaranta a kira mutane su zo, a je a zauna inda suke, a irin ɗakinsu, a ci abinci da irin aikinsu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta duba ƙasarta ta haihuwa, ta ga ashe akwai masu yawo a can ma waɗanda ba mai so su sauka kusa da gidansa. Sistocinta suka sami keken doki mai ɗaki irin nasu, suka shiga zangon Romani suka zauna.

Kada mai karatu ya ɗauka Romawan da Manzo Bulus ya rubuta wa wasiƙa nake nufi. Waɗannan dabam ne. Suna kiran kansu Roma, Ingilishi kuwa suka sa musu Jipsi domin sun zaci daga Masar suka fito. Masu binciken harshe sun gano asalinsu arewacin Indiya ne. Sun kai gabashin Turai cikin ƙarni na 14, a 1427 kuma aka gan su a ƙofar Paris. Sana'arsu ita ce ƙira da gyaran tukwane, dillancin dawaki, saƙar kwando da kiɗa. Mai karatu ya lura: ƙira, yaren da maƙwabci ba ya ji, zargin maita, da aure a cikin gida. Kamar inadan ake kwatantawa. A yau yawansu a Turai ya kai miliyan 10 zuwa 12, amma ba su da ƙasa tasu.

A Walakiya da Moldabiya, inda ƙasar Romaniya take yanzu, bayi ne su har wajen shekara ɗari biyar. Takarda mafi tsufa da ta ambace su a can, ta 1385, ta nuna wani sarki ya ba gidan zuhudu kyautar iyalai 40 daga cikinsu. Abin kunya ne, amma haka yake, gidajen ibada suna cikin manyan masu bayi. An 'yanta su a 1855 da 1856. Iyayengijinsu aka biya diyya, su kuwa aka sallame su hannu wofi, daidai da Bulus na Beni Abbas. A Ingila an yi dokar korarsu a 1530. A Sifen an kama su dubbai a dare ɗaya a 1749, maza aka kai aikin dole, mata da yara aka kulle dabam. A Faransa, shekara guda bayan Fuko ya sauko daga Asekrem, wato 1912, aka tilasta musu riƙe wani littafi mai awon kai da zanen yatsu, irin wanda ake yi wa ɓarayi, su sa a buga masa hatimi duk garin da suka shiga da duk wanda suka bari. Sai 1969 aka soke shi. A zamanin Hitila an kashe su dubu ɗaruruwa. A daren 2 ga Agusta 1944 kaɗai an hallaka dubbai a sansanin Aushwiz. Gwamnatin Jamus ta Yamma ba ta yarda cewa kisan ƙare dangi ne ba sai 1982.

Ƙoƙarin jawo su cikin jama'a ma yana da nasa tarihi, ba duka ne mai daɗin ji ba. Sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya ta hana su yawo da riƙe dawaki, ta sake musu suna, ta hana su auren junansu, ta ba da umarni a ƙwace 'ya'yansu a ba manoma su rena. A ganinta taimako take yi. Shigar da mutum cikin gida ta hanyar kashe sunansa da harshensa, ni dai ban ga bambancinta da kora ba. A zamaninmu gwamnatocin ƙasashe da dama sun keɓe shekara goma, 2005 zuwa 2015, domin gyaran makaranta da gida da aiki da lafiyarsu. An kashe kuɗi, an sami ɗan ci gaba wajen karatu, amma unguwanninsu suna nan a bayan gari. A 2007 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta kama ƙasar Cek da laifi, domin a garin Ostraba ana tura yaran Romani makarantar masu raunin ƙwaƙwalwa ninki 27 fiye da sauran yara. A 2010 Faransa ta rushe zangonsu ta ɗora su a jirgi zuwa Romaniya da Bulgeriya.

Inda aka ga haske kaɗan, na lura ko dai wani ya je ya zauna da su, ko kuwa an bar su sun yi magana da bakinsu. A 1971 wakilansu suka taru kusa da Landan suka zaɓi sunan Roma da tuta tasu. Wani fasto Bafaranshe, Clément Le Cossec, wanda ya fara aiki cikinsu a farkon shekarun 1950, ya horar da masu wa'azi daga cikinsu ya bar musu bagade, aikin kuwa ya yaɗu ƙasashe da yawa. Paparoma Bulus na Shida ya ziyarci zangonsu a Pomeziya a 1965. A 1997 aka ɗaukaka Seferino Himenez Malla, dillalin dawaki na Sifen wanda bai iya karatu ba amma yana tara yara yana koya musu addu'a, aka harbe shi a 1936 domin ya tsaya wa wani fada da ake wulaƙantawa. Ina ɗaukarsa abokin aikina. A 2019 Paparoma Faransis ya tsaya a gabansu a garin Blaj na Romaniya ya nemi gafara saboda abin da Kirista suka yi musu. Daga 1385 zuwa 2019, mai karatu ya lissafa da kansa.

Mu koma Ahaggar. Da Aljeriya ta sami mulkin kai a 1962, sabuwar gwamnati ta yi cikin 'yan shekaru abin da Faransa ta ƙi yi cikin shekara sittin. Ta hana bauta, ta soke rabon kashi biyar, ta ce gona ta mai nomanta ce. 'Ya'yan iklan da na haratin suka bar zango suka shiga gari, suka kama aikin albashi, suka sa yaransu a makaranta tun kafin iyayengijinsu na dā su yarda da boko. Wannan babban abu ne, kada a raina shi. Amma doka tana iya raba gona, ba ta ɗaura aure. Har yau a wurare da yawa cikin hamada ana tambayar asalin mutum kafin a ba shi mata. A Nijar sai da waɗansu suka kafa ƙungiyar Timidriya a 1991, ma'anar sunan kuwa 'yan'uwantaka, suka yi ta fama har aka yi dokar hukunta bauta a 2003. A 2008 kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta ci gwamnatin Nijar tarar sefa miliyan 10 domin ta kasa kare Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana shekara goma sha biyu a yankin Birnin Ƙonni.

Akwai kuma wani abu da ya kamata Bahaushe ya sani. A titunan Tamanrasat da sauran biranen Aljeriya, cikin shekarun nan na baya, mata da yaran da ake gani suna bara da ƙoƙo, ana nuna su da yatsa ana cewa su ke kawo ƙazanta da cuta, yawancinsu Hausa suke ji. Daga wajen Kance suke, a jihar Damagaram. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawawwaki 92 a hamada arewa da Arlit, galibi mata da yara, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su a hanyar Tamanrasat. Tun ƙarshen 2014 aka fara kwaso su cikin manyan motoci ana mai da su ta Asamaka. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Abin da ake faɗa a kan Romani a Paris, shi ake faɗa a kanmu a gindin Asekrem.

Mu Kiristan arewa mun san ɗacin suna. An kira kakannin waɗansunmu arna, an kira na waɗansu Maguzawa, an ƙi cin yankanmu. Da na ce wannan zai sa mu fi kowa tausayi, amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Buzun da yake gadin ƙofarmu tun farin 1973, mutum nawa ne cikinmu ya san sunansa na yanka? A duwatsun Mandara, cikin Higi da Margi, maƙera gida ne dabam tun fil azal. Su ke ƙira, su ke binne matattu, matansu ke ginin tukwane, a dā kuwa ba a cin abinci ƙwarya ɗaya da su, ba a aurensu. Bishara ta shiga ƙasar nan shekaru masu yawa, 'ya'yan maƙera sun zama malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, amma maganar aure tana nan da sauranta.

Na ga wannan da idona. A wani gari inda na yi aiki, akwai saurayi da budurwa cikin ƙungiyar mawaƙa, dukansu daga duwatsun nan. Suka zo wurina aka rubuta sunansu cikin littafin masu shirin aure, na koya musu darasi uku. Sai uban yarinyar ya aiko a kira ni. Dattijo ne mai riƙon addini, ba ya fashin sujada. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya sa aka kawo ruwa, sa'an nan ya ce, "Malam, ka san ko ɗan wane ne yaron nan?"

Na ce, "Baba, na san shi yaro ne mai hankali, yana da aikinsa."

Ya ce, "Ban ce ba shi da hankali ba. Ɗan maƙera ne. A coci ina zama kusa da ubansa, ban taɓa matsawa ba. Amma in na ba shi 'yata, ran da na koma gida wa zai ci abinci a gidana? Wa zai nemi ƙannenta?"

Na kai maganar gaban dattawan ikkilisiya. Suka ce gaskiya abin ba daidai ba ne, amma in aka matsa gidaje da yawa za su daina zuwa, gara a yi haƙuri, a hankali zai wuce. Na ji maganar Monsinyo Guérin ce sak, na kuwa san haka tun ina zaune a wurin. Ina da iyali, ikkilisiyar nan ce take biyana, na yi shiru. Ko wasiƙa ɗaya ban rubuta ba.

Yaron ya nemi canjin wurin aiki kafin Kirsimeti, ya tafi bai yi mini sallama ba. Yarinyar ta auri wani bayan shekara biyu, ni na karanta sanarwar aurenta a gaban jama'a har sau uku. Littafin yana nan a akwatina. Sunayensu biyu suna layi ɗaya, gurbin ranar ɗaurin aure babu komai.